Haruffa Huɗu

Zdravko ya sauko daga motar Asenovgrad da ƙunshin busasshen nama a hammata, yana maimaita kalmomin a ƙasan maƙoshi kada su tsere masa: meat, team, mate, tame. Haruffa huɗu ne kacal ake juyawa, amma ya sha wuyarsu a bayan teburin fawa kafin suka zauna masa. Wata malama mai sayen ƙashi saboda karenta ce ta koya masa, ta ce ta farkon ma'anarta nama, sana'arsa ke nan.

'Yarsa Yoana, mai shekara goma sha huɗu, ta kai zagayen ƙarshe na gasar kalmomin Turanci ta makarantun Plovdiv. Haruffa ake ba yara, kowa ya fitar da kalmomin da zai iya daga cikinsu. Tun da uwarta Nevena ta rabu da shi ta auri Plamen, wanda ya daɗe yana aikin otal a Ingila, yarinyar ba ta da hira sai ta wannan wasa. Ko ranar da ta zo wurinsa, daga Kawu Plamen ya ce kaza sai Kawu Plamen ya san kaza.

A bakin zauren gasar ya same su. Plamen ya sunkuya daidai tsawon yarinyar yana jefo mata haruffa, tana mayar masa da kalmomi kamar ruwan sama. Wata kalmar ta ba su dariya su biyu, har Yoana ta dafa kafaɗarsa. Zdravko ya tsaya yana kallon hannun nan. A da, shi ake dafawa haka.

Da ta gan shi ta zo ta rungume shi, amma a gurguje, ido na kan agogon bango. Nevena ta dubi ƙunshin ta ce ashe har nan ma sai ya biyo su da warin shagonsa. Plamen kuwa ya miƙa masa hannu da fara'a, ya ce ya ajiye masa kujera a gaba. Wannan kirkin ya fi komai ƙona masa rai. Da mutumin mugu ne, da abin ya zo da sauƙi.

Ya jawo Yoana gefe ya ce shi ma ya zo da nasa. Ya gyara murya ya jero kalmominsa huɗu, a hankali, kamar mai ɗora nama a sikeli.

"Baba, ba haka ake faɗin ta uku ba," in ji ta, tana danne dariya. "Amma ka yi ƙoƙari. Waɗannan su Kawu Plamen ya fara koya mini, tun ina aji biyar."

Aka kira sunanta, ta ruga.

Ya zauna a kujerar da aka ajiye masa, ƙunshin a cinya. Yara suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage daga Yoana sai wata doguwar yarinya mai tabarau. Duk lokacin da Yoana ta gama rubutu sai ta ɗago ta dubi layin gaba. Sau biyu Zdravko ya ɗaga mata hannu kafin ya gane ba shi take nema ba, na kusa da shi take nema.

Haruffan ƙarshe suka fito a allo: O, P, T, S. Wannan kam ya sani. Kullum yana ganinta a jan allon mahaɗar titi: stop. Saura kaɗan ya faɗe ta da ƙarfi. Ya juya zai gaya wa Plamen, sai ya ga leɓen mutumin na motsi, yana lanƙwasa yatsu, ya cika hannu ɗaya ya shiga na biyu.

Mai tabarau ta kawo biyar. Yoana ta kawo shida. Ta shidan, opts, sai da alƙalai suka buɗe ƙamus kafin suka yarda akwai ta. Zaure ya ɗauki tafi. Plamen ya miƙe da hawaye a ido yana cewa jiya-jiya a kan teburin cin abinci suka yi bitarta. Zdravko ma ya tafa, har tafin hannunsa ya yi zafi, amma ya tsinci kansa yana fatan da huɗu ta kawo, ta faɗi, ta zo ta yi kuka a ƙirjinsa da harshen da yake ji.

Ta sauko da kofi a hannu, ta wuce kai tsaye wurin Plamen. Sai daga baya ta juyo.

"Baba, ɗauke mu hoto mana. Wayarka ta fi kyau."

Plamen ya ce a'a, a samu wani ya ɗauka, uban yarinya ya shigo ciki. Zdravko ya ce a bari, ai shi ne gwanin hoto a gidansu. Suka jeru, Yoana a tsakiya. Ya ɗaga wayar, ya karkata ta hagu kaɗan-kaɗan, har Plamen ya fice daga ciki gaba ɗaya, sannan ya danna. Ya ce ya yi kyau, zai turo musu.

Suka roƙe shi ya bi su cin abinci, ya ce ya bar shago ba kowa. Ya damƙa wa Yoana ƙunshin, ta sumbace shi a kunci, ta yi alkawarin zuwa ranar Asabar.

Sai da mota ta bar gari ya buɗe hoton. Ga Nevena, ga Yoana da kofinta, babu Plamen. Sai dai hannunsa na nan a kafaɗarta, da zoben aure a yatsa, ita kuma fuskarta ta juya gefen da aka yanke, tana yi wa wanda ba ya nan dariya. Zdravko ya sa yatsa biyu ya faɗaɗa hoton don ya fitar da hannun. Da hannun ya fita, sai rabin fuskarta ya bi shi.