Ƙyauren Zakariya'u

Umaru ne ya lalata mini ƙyaure, Umaru mai atiliye, wato shagon aikin katako, a unguwar Zango, kuma ba zan daina faɗa ba.

Mijina Zakariya'u masassaƙi ne. Ƙyauren maɗaci yake yi wa ɗakina lokacin da ciwo ya kwantar da shi. Ya gama zanen ɓangaren dama, na hagu ko taɓawa bai yi ba ya rasu. Shekara uku ƙyauren na jingine a zaure ina share masa ƙura. Sai aka ce mini Umaru ya kawo inji mai sassaƙa da kansa. Na ɗora ƙyauren a amalanke tun daga unguwarmu Birni, na kai masa.

"Iya Falmata, hagun kawai zai taɓa," in ji shi. "Ki zauna ki kalla."

Na zauna. Injin ya yi ta tafiya lafiya. Can Umaru ya tsayar da shi, ya cire bakin ƙarfen, ya sa wani dogo, yana waya da ɗaya hannun. Ya danna. Injin ya taso zai koma gefen da ya fara, ya bi ta kan aikin mijina. Maimakon ya wuce ta sama, sai ya nutse. Ya ja rami tun daga sama har ƙasa, ta tsakiyar furannin da Zakariya'u ya yi wata biyu a kansu, yana tari.

Ban yi kuka ba. Na ce, "Me ya faru?"

"Injin ne, Iya. Sabon bakin ya fi tsawo, shi kuma awon tsohon yake riƙe da shi. Bai san an sauya ba."

"Wa ke gaya masa?"

Ya duƙar da kai.

"Umaru, ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba. Amma mijina in ya sauya ƙarfe, sai ya gwada a guntun itace tukuna. Wa ke gaya masa?"

"Zan yi miki sabo, wanda ya fi wannan kyau."

"Da hannun wa?"

Na tsince ɓarɓashin a bakin zanena na dawo gida. Ƙyauren yana can wurinsa, na ƙi ɗauka. Yanzu duk wanda ya tambaya, sai ya ce inji ya yi kuskure.

Na kai magana gun mai unguwa. Ba na son sabo, ba na son kuɗinsa. Abin da nake so shi ne Umaru ya ɗauko ƙyauren da kansa, ya jingine shi a zauren da aka yi wa Zakariya'u salla, ya faɗa gaban mutane wanda bai auna ba. In kuwa inji ne, to ya kawo shi ya amsa.