Baturiya da Akuya

"To ka ci su mana," in ji Adizatu. "In mun isa can yunwa ta kama mu, sai ka soya mini taya."

Ta wurga masa murfin tukunya. Bai same shi ba, ya bugi bango ya faɗo yana juyi a ƙasa. Iliasu ko ɗaga kai bai yi ba. Yana durƙushe a tsakar ɗaki, motocinsa biyu a gabansa, kowace ba ta wuce tsawon kamu ɗaya ba, yana kallonsu kamar mai zaɓen ragon layya.

"Ɗaya zan ɗauka," ya ce. "Na faɗa miki ɗaya."

"Kwana tara kana faɗa mini ɗaya."

"Ke ce kika hana. Tambaya guda na yi miki. Yaya ƙasar Tasawa take?"

"Na ce na manta."

Ba ta manta ba, ƙarya take yi, kuma da azumi a bakinta.

Azumin shekarar nan ne da gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar cikin mako biyu. Iliasu mai gyaran rediyo a nan unguwar Aboabo aka yanke masa cibiya. In yana ciniki da yaren Twi a kasuwa ka rantse ɗan Asante ne. Amma ubansa daga Tasawa ya zo, can Nijar, takarda kuwa ko ta maganin ciwon kai ba shi da ita. Shi bai taɓa taka Tasawa ba. Matarsa ce ta san ta, don tana da shekara goma sha biyu gwaggonta ta kawo ta Kumasi. Direban lorin da zai kwashe su ranar Litinin ya riga ya yanke magana: kowa ƙunshi ɗaya, sai abin da zai zauna a kan cinyarsa. Mota ɗaya da ɗan akwatinta mai eriya, nan cinyar Iliasu ta ƙare.

Motocin nan kuwa duk Zango ya san su. Ta farko wani Bature ne ya yar da ita a bola da zai koma garinsu, ja, mai sheƙi, cikinta na shafar ƙasa. Iliasu ya yi wata uku a kanta har ta tashi. Kana tsaye nesa, ka danna ɗan akwati, ita ta tafi da kanta, babu zare babu waya. Tsofaffi suka ce aljani ne, suka kuma zo kallo. Ita ce Baturiya. A kan siminti ba ta da na biyu, amma ko ɗan tsakuwa ta taka sai ta kife kamar kunkuru. Ta biyu shi ya ƙera ta da gwangwanin madara da hanjin tsohuwar rediyo, doguwa, mummuna, tana tafiya tana tsalle. Rami, kwata, jar ƙasa, duk hawa take yi. Aka sa mata Akuya.

Matsalar ita ce, Akuya tana da uba na biyu.

Wahabu fita, wato makaniken mota, ƙato ne wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Shi ɗan ƙasa ne, dokar ba ta shafe shi ba. Shi ya yanka wa Akuya tayoyi daga tsohuwar tayar lori, shi ya murɗa mata ƙarfen da ke sa ta tsalle, kuma shekara huɗu duk ranar Lahadi shi ke tuƙa ta. Manya da gemu, su taru a yi tsere. In a simintin gidan mai aka yi, Iliasu ya ci. In a jan filin da ke gefen filin sukuwa na Reskos ne, Wahabu ya ci, ya bi layi yana kukan akuya har ƙofar gida. Ranar da aka faɗi dokar, a tsakar gidan nan ya tsaya ya ce, "Ka tafi da Baturiyarka, Allah ya kiyaye hanya. Akuya kam ba ta tsallake Aboabo ina numfashi."

Iliasu ya yi dariya ya ce sai ya ga irin ƙasar da za shi.

Adizatu ba ta yi dariya ba. Ta san Wahabu. Ta san kunnen da ya gutsure wa wani mai ɗaukar kaya a tasha, ta san turmin matarsa da ya raba biyu. Shi ya sa ta ƙulla a ranta, in an matsa mata ranar ƙarshe za ta ce Tasawa duk kwalta ce da siminti. Ya ɗauki Baturiya, a rabu lafiya, in sun isa ya yi fushinsa ya gama.

Da ta yi hakan tun ranar farko.

Ta juya za ta ɗauki murfin tukunyarta, sai idonta ya faɗa cikin kwalin da ya shirya wa motar. An shimfiɗa masa ƙyalle a ciki, lallausa, shuɗi da fari, an yanka shi daidai kusurwa da kusurwa. Ta ɗaga. Zanenta ne, wanda ta ɓoye a ƙasan akwati tana jiran sallah.

"Maigida, mene ne wannan?"

"Gefe kaɗan na yanka. Hanya da gargada, kada fenti ya—"

Ta shaƙe masa wuyan riga ta ɗaga shi tsaye, don Iliasu ba nauyi gare shi ba, mutum ne kamar sandar rake. Ta jijjiga shi har hularsa ta faɗi.

"Kana son jin Tasawa? Rairayi ne. Rairayi har gwiwa. Jaki ma nutsewa yake yi, balle wannan 'yar gayun taka. Babu siminti, babu gidan mai, babu 'yan iskan da za su tafa maka. Ka ji yanzu?"

Sai da maganar ta fita ta ji abin da ta faɗa. Ta saki rigar.

Iliasu ya sunkuya ya ɗauki hularsa ya karkaɗe. Fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir.

"Rairayi," ya ce. "To ai Akuya ce."

"Wasa nake yi. Akwai kwalta. An ce yanzu an yi kwalta."

"Wa ya ce?"

Ya ɗauki kwanon sarki ya fita. Jim kaɗan ya dawo da shi cike da yashi daga inda magina suka gudu suka bar aiki, ya juye a tsakar ɗaki, ya baje da tafin hannu. Ya ce zai gwada Akuya a kai, amma sai ya liƙe wata waya da ta saki. Ya tura ƙarfen liƙinsa cikin garwashin kurfoti, murhunsu na gawayi.

Bangon gidan haya kuwa kun san shi, ko tusa ba ya riƙewa. Mma Mamuna mai koko tana ɗakin da ke manne da nasu, kunnenta a jikin bango tun daga murfin tukunya. Ta rantse daga baya ba ta faɗa wa kowa ba sai mutum uku. Ɗaya daga cikin ukun Zuleha ce, matar Wahabu.

Ana idar da la'asar Wahabu ya shigo. Ba sallama. Rigar aiki baƙa ƙirin da mai, leɓe a bushe, babbar sifana a aljihun baya.

"Masta, an ce ka zaɓa."

"Na zaɓa. Zauna mana."

"Wacce?"

"Wahabu, rairayi ne can. Baturiya ba za ta yi taku ɗaya ba. Na bar maka ita, ita ce ma mai daraja."

"Ka bar mini ita in tuƙa a ina? A kan gadon uwata? Nuna mini siminti a layin nan."

"Gidan mai—"

"In yi tsere da wa? Ka tafi, ka bar ni da motar da ko ƙofar gidana ba za ta fita ba." Ya nuna Akuya da ƙafa. "Tayoyin nan wa ya yanka?"

"Cire tayoyinka ka tafi da su."

"Ku ji tsoron Allah, azumi ake," in ji Adizatu. Ta shiga tsakaninsu, ta dubi Wahabu. "Baban Fusena, ɗauke ta. Ni na ba ka. Ɗauke ta ka tafi."

Wahabu ya sunkuya ya ɗauki Akuya. Da Iliasu ya bar shi, da yanzu wani labarin ake yi. Amma mutumin da aka karɓe wa shago, aka karɓe wa gari, aka ce masa ƙunshi ɗaya, ashe akwai inda haƙurinsa yake tsayawa. Ya riƙe gindin motar da hannu biyu. Suka ja. Wahabu ya ture Adizatu da gwiwar hannu, ta faɗa kan tukwane, ya sa wa Iliasu kai a baki. Jini ya ɓalle. Haƙori ɗaya ya faɗa cikin yashi.

"Baƙo," in ji Wahabu, "saki."

Shekara huɗu suna cin tuwo a kwano ɗaya, bai taɓa kiransa da haka ba.

Iliasu ya saki. Ya miƙa hannu cikin kurfoti ya zaro ƙarfen liƙi, bakinsa ja wur, ya manna wa Wahabu a kunci. Ƙaurin nama ya cika ɗakin. Wahabu ya yi wata ƙara irin ta sa a mahauta, hannunsa ya koma aljihun baya. Sau ɗaya ya buga, a bayan kunne. Sautin ba shi da ƙarfi, kamar an fasa kwakwa a gidan maƙwabta.

Adizatu ta tashi da taɓarya. Ta sauke masa a kafaɗa, ta sake saukewa a gadon baya, taɓaryar ta kuɓuce, ta kama damtsensa da haƙori har ta ji gishirin jini. Ya fizge ya yar da ita, ya fita da gudu da Akuya a hammata, ɗan akwatinta na lilo. Mutanen gida suna cike da tsakar gida, kowa ya ba shi hanya.

Iliasu ya tashi zaune da kansa. Ya shafa bayan kunnensa, ya duba hannunsa.

"Ba komai," ya ce. "Jinin ma kaɗan ne."

Aka ce asibiti, ya ce a'a, can za a fara tambayarsa takarda. Ta kawo ruwa a moɗa, ya kau da kai, ya ce rana ba ta faɗi ba. Haka ya zauna jingine da bango, baki a kumbure, har aka kira magariba. Ya kurɓa, ya amayar.

Washegari idonsa na hagu ya ƙi buɗewa, maganarsa ta yi nauyi. Adizatu ta ɗauki tsintsiya za ta kwashe yashin, ya ɗaga yatsa ya hana ta.

"Zai dawo da ita," ya ce. "Fushi ne. Ban gwada ba tukuna."

Ta zauna kusa da shi tana masa fifita da guntun zanen sallar.

"Har gwiwa kika ce?"

"Ban san abin da nake faɗa ba."

"Da an faɗaɗa tayoyin," ya ce. "Wahabu ya iya yanka taya."

Ranar Lahadi da hantsi, daidai lokacin da suka saba fita tsere, ya cika. Kafin la'asar an kai shi. Maza suka dawo da jar ƙasa a ƙafafunsu, suka yi addu'a a gurguje, don rabinsu suna da ƙunshin da za su ɗaure. Mma Mamuna tana kuka tana fyace hanci, ta ce wa matan da ke kusa, "Shi dai ya zauna. Sai su je can su tambaye shi takarda." Wahabu kuwa tun ranar ba a sake ganinsa ba. Wasu suka ce Tamale, wasu suka ce daji.

Liman ya ce wa Adizatu takaba ba ta hana tafiyar dole, ta ƙarasa a can. Litinin da safe tana ɗaure ƙunshinta, aka yi sallama a hankali. Zuleha ce, ido ya kumbura, wani abu a naɗe cikin ɗankwali. Ba ta shigo ba. Ta ajiye a bakin ƙofa.

"A ƙarƙashin gado ya bar ta," ta ce. "Yaya, ni ban—"

"Je ki."

Ta tafi. Adizatu ta warware ɗankwalin. Akuya ce da ɗan akwatinta, gefe ɗaya ya lotse, da busasshen jini a kan gwangwanin. Daga bakin titi lori ya yi oda, ana kiran sunaye.

Ta daɗe tana kallonta. Shekara huɗu ko da tsintsiya ba ta yarda ta taɓa abin nan ba. Ta ɗauke ta ta dasa a bakin yashin, inda sawun gwiwoyinsa yake har yanzu. Ta ɗauki ɗan akwatin, ta ja eriya yadda ta saba ganin yana yi, ta tura maɓallin.

Akuya ta yi tsalle ta shiga. Ta yi kamar taku biyu. Sai tayoyin baya suka fara tono, suna watsa yashi a ƙafarta, motar tana nutsewa a hankali har cikinta ya zauna. Ba gaba, ba baya.

Lori ya sake yin oda.

Adizatu ta ajiye ɗan akwatin a ƙasa kusa da Baturiya, ba ta kashe ba. Ta ɗora ƙunshinta a ka, ta fita, ta ja ƙofar da ƙarfi har ƙasa ta zubo daga saman bango. A ciki, tayoyin suna ta juyawa.