Kujerun Soso

...Talata, ƙarfe goma na safe aka fara, ga agogon bango ya wuce sha ɗaya, malamar asibitin nan kuwa har yanzu tana kan zanen mafitsara. Da jan alli. Na san inda mafitsarar take, 'yar nan, shekara sittin muna tare.

Kujerun soso, Auta. Soso! A tara mata masu ɗigar fitsari don a wayar musu da kai, a jera musu kujerun soso masu ruwan toka, ƙofa a bayan mai magana, a danna sakata wai kada maza su ji. Wa ya tsara wannan? Wanda bai taɓa yin atishawa ya tsaya cak ba...

Tambaya ɗaya ta kawo ni. Watanki ya kama, kin ce in zo in zauna miki, motar garinku kuwa awa uku ba ta tsayawa — yaya zan yi? Shi ke nan. Malama ta ce tambayoyi sai ƙarshe. Yadda ake matse tsokar riƙe fitsari ma sai ƙarshe.

Rabona da ruwa tun jiya da la'asar, don in iya zaman nan. Ta gefena, mai wankau, ta raɗa mini ita kurɓa take yi kamar magani. Sai ga malama tana cewa ƙin shan ruwan ne ke tsananta abin, fitsari ya yi kauri ya dami mafitsara. Wataƙila gaskiya ce. Amma sai aka raba robobin ruwa, aka tsaya a kanmu. Na sha — yaya zan ƙi yarinya mai fara'a?

...bara, na roƙi direba ya tsaya, ya ce haba Mama, yanzu fa muka tashi. Da abin ya zubo, matar da ke kusa da ni ta janye jakarta, a hankali. Gara da ta zage ni. Babanki, Allah ya jiƙansa, shi kan shanya katifa a bayan ɗaki ya ce wa maƙwabta kuɗin cizo ne suka dame mu. Har ya mutu suna kawo masa maganin ƙwari.

Mai wankau ta miƙe, jaka a bayanta. Sakata ta yi ƙara, kowa ya waiga. Wata ta bi ta... wata kuma... Banɗaki na can ƙarshen baranda, wadda ta fita ba ta dawowa. Wa zai sake ratsa gaban allo?

Wata daga baya ta ce zanen nan ai tumbin mijinta ne. Na ce wa raina, kada ki yi dariya. Kada —

Ɗumi. Tsumman da na yi ƙunzugu da shi ya cika tun ɗazu, ashe.

"Mama, ke kam kin yi ƙoƙari, kin zauna har ƙarshe. To, mu miƙe tsaye in nuna muku yadda ake matsewa."

Mu miƙe...

Tambayar tana bakina, Auta. In na yi ta, malama za ta matso kusa. In ban yi ba, wa zai riƙe miki jariri?

Waɗanda suka rage: malama, hannu a miƙe tana jira, wata tsohuwa mai nauyin kunne, ta riga ta tashi tana murmushi, mai shara a bakin ƙofa, za ta tattara kujeru, sai ni — da soson, yana ta sha.