Makin da Mista Hanlon Ya Bari

Shamima ta zo Amurka ne don ta kula da tsofaffi, ba don ta buga karta ba. Amma Mista Hanlon, tsohon ma'aikacin jirgin fito da aka tura ta gidansa a Staten Island, ba ya shan magani sai an buga da shi wani wasan karta da ake kira kiribej. Mutum ne mai taurin kai kamar jaki, sai dai gidansa yake so, kuma 'yarsa Kate ta gaya masa ƙarara cewa ranar da kansa ya fara kwancewa za ta kai shi gidan tsofaffi.

Ya koya mata a teburin kicin. Ana lissafin maki ne a wani katako mai ramuka, kowa da 'yan tsinkensa da yake matsarwa gaba gwargwadon makin da ya ci. Duk katunan da suka haɗu suka ba da sha biyar, maki biyu ne. Biyu iri ɗaya, maki biyu. Uku a jere, maki uku. Kuma da baki ake ƙirgawa, kowa ya ji.

"In na tsallake maki, ki ce magins, ki kwashe abinki," in ji shi. "Dokar wasa ke nan."

Ta ce to. A gaɓoɓin yatsunta take lissafi, yadda take tasbihi, har ta ƙware.

Abin da bai kwanta mata a gidan ba kujera ta uku ce. Ta matarsa Noreen ce, wadda ta rasu bayan ta manta sunan kowa. Ba a zama a kai, ba a matsar da ita. In yana ƙirge yakan ɗan karkata katunansa wajen kujerar, kamar mai nuna wa wani. Shamima takan ji tsigar jikinta ta tashi, ta yi a'uziyya a zuci.

Da sanyi ya shigo sai ya fara barin maki. Yau biyu, gobe huɗu. Tana gani, amma ba ta cewa magins. A Zangon Kumasi inda ta tashi, yarinya ba ta duban mai furfura ta ce ya yi kuskure, balle ta ƙwace masa abu a gabansa. Sai ta riƙa yin shiru, wani lokacin ma ta rage nata don su tafi daidai.

Ta gaya wa gwaggonta da ke unguwar Park Hill.

"Ki yi report ga agency ɗin da suka ba ki aikin mana," in ji gwaggon.

"Gwaggo, in na yi report za su ɗauke shi. Kuma ni kunyansa nake ji."

Wata Lahadi da rana Kate ta zo, ta ce yau ita za ta kara da babanta. Shamima tana wanke kofuna, kunnenta na teburin.

Ya baje bakwai, takwas, takwas, tara. "Sha biyar biyu, sha biyar huɗu, da takwas guda biyu, shida." Ya kai hannu ga tsinkensa.

"Magins," in ji Kate, tana dariya. "Jere biyu ka bari, Baba. Shida nawa ne."

Zagaye na gaba ta sake faɗa. Na gaba ma haka. A nan dariyar ta ƙare mata.

Tsohon ya daɗe yana kallon katunan. Sannan ya juyo wajen Shamima, ba da faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ta fi jin sauƙi.

"Tun yaushe?"

Ta sunkuyar da kai. "Tun farkon sanyi, Baba."

"Ba ki taɓa faɗa ba."

"A wajenmu ba a yi wa babba haka."

Ya gyaɗa kai. Kate ta riga ta ɗauki wayarta ta fita baranda, kowa kuma ya san gidan tsofaffi za ta kira. Shamima ta tsaya da kofi a hannu, tausayi da kunya sun cika ta.

Mista Hanlon ya tattara katunan a hankali, ya juya ga kujerar da ba kowa, ya yi ƙasa da murya.

"Ni ma shekara guda kina barin maki ina ɓoye miki, Noreen. Ashe kin sani?"

Ya kasa kunne wajen kujerar. Can ya ce, "To, ki yafe mini."