Ɗari Biyar da Tamanin da Uku

Wata bakwai Halliru ya yi yana kwana yana tashi da muryar wata Baturiya a kaset. Malamin dabbobi ne a kasuwar shanu ta Potiskum, mutumin da zai dubi tafiyar saniya ya gaya maka abin da ke cin ta. Amma ƙungiyar Turawan da za ta kai shi waje karatun likitan dabbobi ta ce wannan duk bai dame ta ba. Sai ya samu maki ɗari biyar da hamsin a jarrabawar Turanci, ya aika da takardar kafin ƙarshen Yunin 1994. Gurbi ɗaya ne tak, sunansa ne a sama. Na biyu a jerin kuwa abokinsa ne, Almustapha na unguwar Dogo Nini, wanda suka haɗa benci a sakandaren Mamudo.

A Kano suka zauna jarrabawar, kuma wanda ya tsara ta dai bai taɓa jin ƙarar fankar ɗakin nan ba. Lasifika na kwarmato, Baturiya na magana ta hanci a kan aron littafi da dusar ƙanƙara, kafin ka kamo kan zancen ta wuce, ba ta maimaitawa. Halliru ya yi ta cike 'yan ƙwallayen takardar amsa da fensir har yatsunsa suka ƙage. Da ya dawo gida ya cire hula ya ce wa kowa, "Ni kam na zubar."

Da yake ba shi da akwatin gidan waya, na yayansa Babayo ya rubuta a fom. Babayo dillalin shanu ne, bai yi boko ba, amma a gidansu duk takardar da ta zo sai ta bi ta hannun babba, ya kai a karanta masa, sannan ta isa ga mai ita. Haka suka taso, ba wanda ya taɓa ganin aibun hakan.

Sakamakon Almustapha ya iso a watan Mayu, ya haye da ƙyar. Na Halliru shiru.

"Hamma, ba saƙo?" Halliru ya tambayi yayan nasa.

"Babu, Halliru. Ka yi ta haƙuri," in ji Babayo, idonsa na kan carbi.

Halliru ya zagi masu jarrabawar tun daga kakanninsu. Ya rubuta musu wasiƙar ƙorafi, Almustapha ne ma ya gyara masa Turancin ya raka shi ya saka a akwati. Kafin amsa ta ƙetare teku Yuni ya shige, gurbi ya koma kan na biyu. Abin ya ci Halliru ƙwarai, ya rame, amma bai yarda hassada ta shiga tsakaninsa da abokinsa ba. Ranar tafiyar Almustapha shi ya ɗaukar masa jakar har tasha, Babayo kuma ya ba da rago aka yi walima.

Da la'asar ɗin ranar Babayo ya kira shi zaure. Ya daɗe yana gyaran murya kafin ya zaro wani ambulan daga aljihun gaba. Duk ya yi laushi, ya sha zufa, an riga an yage bakinsa.

"Tun Mayu yake wurina," ya ce. "Na ga yadda ka dawo daga Kano. Na ce ba da hannuna zan miƙa maka abin kunya ba."

Halliru ya buɗe. Takardar ba ta ce ka ci ko ka faɗi ba, lambobi ne kawai a jere. Na ƙarshen ya karanta sau uku. Ɗari biyar da tamanin da uku. Ya zauna a kan tabarma.

"Hamma, wa ya karanta maka?"

"Wa zan kai wa in ba abokinka ba? Ba na so bare ya ji sirrinmu. Ya duba ya duba, ya ce ɗari bakwai ake nema, ka yi nisa da ita. Har ƙwalla ya yi, wallahi."

Halliru ya tuna fuskar Almustapha a tagar mota da safe, yana ɗaga masa hannu. Baƙin ciki ya rufe shi, irin wanda bai taɓa sani ba, don da maƙiyi ne ya yi masa da ya san inda zai ajiye abin. Ya dubi yayansa, dattijon da ya yi wata huɗu yana ɗauke da takarda a ƙirji don kada ƙaninsa ya ji kunya.

Babayo ya dafa kafaɗarsa.

"Ka riƙe yaron nan, Halliru, ɗan halak ne. Shi ya roƙe ni kada in nuna maka sai bayan ya tafi, wai don kada ka riƙa sunkuyar da kai a gabansa."