Kokot ɗin Zuhaira

Shekara goma sha ɗaya Hajiya Rabi ce ke zuwa baje kolin Damagaram da sunan ƙungiyar matan Tanut masu sarrafa magarya. Kujera ɗaya ake ba su a mota, ba a kuma taɓa tambayar ta wace ce ba. Akurinta, wato curin garin magarya da ake turarawa, har Agadas an san shi.

Bana sai ga Zuhaira, ɗiyar ƙanenta, ta dawo daga jami'a da tukunyar ƙarfe mai murfin ɗaurewa, kokot. Ba ta taɓa garin kowa ba. Tsakin da ke saura a rariya ta roƙa, ɓawo da ƙwallo, abin da ake watsa wa awaki. Ta dafa shi a kokot, ta tace wani ruwa ja mai kauri, ta zuba cokali biyu cikin tunkuzar ƙuli-ƙuli. Ta ce a ɓawon akwai abin da ke hana man gyaɗa tsufa, tafasar banza ba ta fito da shi sosai, sai tururi ya matse shi. Bayan wata biyu aka gutsira ƙuli-ƙulin, babu maƙaƙi ko kaɗan.

Daga ranar mata suka koma kiranta Madam. Hassana ma'ajiya ta fara cewa ai ƴan birni sun gaji da akuri, a tura mai sabon abu. Hajiya Rabi ta yi murmushi, ta ce Allah ya yi wa yarinya albarka. Ita da ta koya wa yarinyar nan riƙe taɓarya, yau abincin awakinta ake ɗagawa sama da akurinta.

Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wanda ya fara faɗar haka a zaune yake, bai tashi ya duba ba.

Ranar Laraba da hantsi Zuhaira ta tafi ƙauyen Falanko karɓo tsaki. Hajiya Rabi ta ɗauko kokot daga ɗakin ƙungiya. Sau uku ta ga yadda ake yi, tana yi kamar tana tsintar gero. In ta fitar da ruwan da hannunta, kujerarta ta mota ta zauna. Ta zuba tsaki da ruwa, ta ɗaure murfi, ta iza wuta. Can sai tururi ya fara tsartuwa ta wani ɗan rami a saman murfin, yana fito.

Nan ta ji sanyi a ranta, ta kama kuskuren mai jami'a. Duk macen da ta taɓa turara dambu ta san ba a barin tururi ya zurare. Inda ya ɓulla, nan ake liƙewa. Ta cusa tsumma a ramin, ta shafe da ƙullu, ta ɗora dutse. Tukunya ta yi tsit.

Ba ta daɗe ba wata roba a gefen murfin ta ɓalle da ƙara kamar bindiga. Ruwan ya feshe rumfa, ya sami bayan hannunta na dama.

Da la'asar Zuhaira ta iske ta hannu naɗe da bandeji. Ta duba murfin, ta ciro tsumman, ta ɓoye shi a tafin hannu.

"Gwaggo, zan ce robar ce ta tsufa."

"Rufa mini asiri za ki yi, Madam?"

"Haba Gwaggo."

"Ajiye tsumman nan inda kowa zai gani. Nawa ne."

Wannan rangwamen ya fi ƙunar zafi. Da mata suka taru, ita da bakinta ta faɗi abin da ta yi, ba ta faɗi dalili ba, su ma ba su tambaya ba. Hannun da ba ya iya daka ba ya kai akuri kasuwa, don haka aka ba Zuhaira kujerar. Wani bakanike ya yanko roba ya gyara murfin.

Ran tafiya Hajiya Rabi ba ta je tasha ba. Ta aika a gaya wa Zuhaira, in an tambaye ta a Damagaram, ta ce tsakin daga rariyar Rabi ya fito.