Hanyar Lambun Lemo

Babur ɗin nan mai taya huɗu akwai shi da rainin hankali. Ka murɗa makulli ya tashi garau, ya yi ta gurnani kamar da gaske, kafin ka kai ko'ina sai ya yi tari, ya shaƙe, ya mutu murus. A bar shi ya huta, ya sake tashi, ya sake mutuwa.

Auta ce ta ɗaura ɗamarar gyara shi. A garejin Baba ta girma tana miƙa masa sifana, ga ta yanzu da nata 'ya'yan, amma hannun bai manta ba. Dalilinta ɗaya ne. Itatuwan lemon da Baba ya dasa a bayan tudu sun yi fure, kuma tun da ya tashi daga jinya bai taka lambun ba. Ƙafa ba za ta kai shi ba, mota ba ta shiga hanyar, furen kuwa ya kusa zubewa.

Kullum da hantsi Baba zai hau babur ɗin a cikin rumfa, ya tayar da shi, ya lumshe ido.

"Mun wuce rijiya," yake cewa a hankali. "Ga gangaren nan, riƙe da kyau."

Ita ma sai tsumman goge inji ya tsaya a hannunta. Sai ta ganta 'yar mitsitsiya a gabansa, tsakanin hannayensa biyu, iska na kaɗa mata kunne, ciyawa na kwantawa gefe da gefe, tsuntsaye na tashi daga cikin rafi ba sauri. Suna fara hawan tudu injin zai yi tarin nan nasa, rumfa ta dawo da warin mai da kajin da ke tono.

"To, yau ma nan muka tsaya," in ji Baba.

Babu abin da Auta ba ta taɓa ba. Ta canza fulogi, ta kwance kafireto ta wanke shi tas, ta kakkaɓe soson iska, ta zubar da tsohon fetur ta zuba sabo. Abin haushin, mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin injina yana zaune bai da ta cewa sai "Ko batir ne?"

"Haba Baba! Batir ɗin da ke tayar da shi kamar an tsikare shi?"

"To, ke ce makanike."

Ran nan da injin ya mutu, ta buɗe murfin tanki don ta leƙa mai, sai ta ji tankin ya ja iska, fuuu, kamar mutumin da aka daɗe da toshe wa hanci. Ta duba ɗan siririn tiyon da ke kan murfin, wanda iska ke shiga ta cikinsa. Cike yake dam da busasshen laka. Ashe zanzaro ne ya yi gini a ciki lokacin da Baba ke kwance. Iska ba ta shiga, ina mai zai sauka?

Ta fashe da dariya, ta rarumo waya za ta zungure shi. Baba ya lalubo hannunta ya riƙe.

"Ki bar masa gidansa."

"Baba, da ma ka sani?"

"Tun ranar farko. Kunnena ai bai tsufa ba." Ya juya fuska wajen tsakar gida. "Idon ne, Auta. Daga nan ba na ganin ƙofa, sai wani fari-fari kamar an saki labule. Muddin injin na mutuwa, ai laifinsa ne, ba na idona ba."

Tausayinsa ya kama ta, ga kuma haushin kanta. Ta wanke kowane lungu na injin nan, amma ba ta taɓa lura da yadda yake lalubar makulli ba.

Duk da haka ta zura wayar, lakan ya zubo mata a tafin hannu. Ta hura tiyon, ta mayar, ta tayar. Injin ya yi ta bugawa, lokacin tarinsa ya zo ya wuce, bai ko girgiza ba.

"Matsa baya," ta ce.

"Ni? Tun da nake ba a taɓa goya ni a babur ba."

"Yau za a fara. Ni na manta hanyar, kai za ka riƙa faɗa mini."

Ƙarya take yi, ya kuma san ƙarya ce, amma ya matsa yana gunaguni. Suka fita a hankali, hannayensa a kafaɗunta.

"Rijiya na dama. Kauce wa ramin nan. Kai, wa ya koya miki tuƙi?"

"Wani tsoho mai faɗa."

Suka gangara, suka tsallake rafi, suka kama hawan tudun da kullum yake gagararsu. Can sama ta ji yatsun Baba sun ƙara matse mata kafaɗa.

"Rage gudu," ya ce. "Ga ƙanshinsu nan, sun taro mu."

Auta ta duba gabanta da kyau. Ita ko itace ɗaya ba ta hango ba tukuna.